Gwaggo Ta Ce Fenti Ne

Shekara ashirin da uku Gwaggo ta yi tana goge daɓen asibitin unguwarsu, kuma in ka tambaye ta za ta ce maka babu lungun da bai san gwiwarta ba a ginin nan. Asali gwaggon 'ya'yan yayanta ce kawai, amma tun suna ƙanana suke bin ta a layi da "Gwaggo, Gwaggo," har sunan ya manne mata. Tsofaffin da suka girme ta haka suke kiranta, likitoci ma haka.

Aikin ma Yaya ne ya samo mata. Kafinta ne, shagonsa na bakin layi, da dogon benci a gaba inda maza ke zama da yamma su gyara duniya da baki. Shi ya riƙe ta tun tana 'yar shekara tara da iyayensu suka rasu, shi ya kuma karɓe ta lokacin da mijinta, direban babbar mota, ya tafi wata tafiya bai dawo da ransa ba. Ɗanta guda ɗaya ya yi nisa wajen neman abinci, sai dai waya. A shekarar da aka ba Yaya aikin bencinan ɗakin jira na asibiti ya ji ana neman mai shara. Ya je ya tsaya gaban shugaban ma'aikata da fensir a bayan kunne, ya ce yana da ƙanwa wadda in ta wanke kwano sai ka ga fuskarka a ciki. Ƙarya ya shara, don a lokacin Gwaggo ba ta fi kowace mace tsabta ba. Amma gudun kada ta kunyata shi sai ta zama abin da ya faɗa.

Tana da tsarinta wanda ba ta yarda kowa ya taɓa. Kafin layin marasa lafiya ya haɗu ta iso. Bokiti biyu take ja, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraya, ta fara daga kusurwa mafi nisa tana tafiya da baya har ƙofa, don a ganinta wanda ya taka inda ya goge bai san ciwon bayansa ba. In wani ya ratsa mata jiƙaƙƙen daɓe da takalmi, ko babban likita ne, ba za ta ce uffan ba. Tsayawa za ta yi ta dafa sandar gugarta ta bi sawunsa da kallo, har sai ya ji a jikinsa ya juyo ya ba da haƙuri.

Wani abu game da mai shara shi ne, ba wanda yake rage murya saboda ita. Likitoci suna magana a gabanta kamar a gaban kabad. Ta haka ta san maganin da ya ƙare a sito kafin a faɗa wa marasa lafiya, ta san nas ɗin da hannunta ke da laushi wajen allura, ta san ranar da likitan da ke sauraron mutum yake zama da ranar da mai gaggawa yake zama. Unguwa kuwa ta san ta sani. In ta taso aiki da 'yar jakarta a kafaɗa, kafin ta kai gida an tare ta sau uku ko huɗu.

"Gwaggo, ke da kike ciki, gobe in kai yaron nan ko in bari jibi?"

"Bari jibi. Na gobe ba ya ɗaga kai ya kalli mutum."

Kuma galibi yadda ta faɗa haka yake. Ba za a ɓoye ba, tana jin daɗin abin. Macen da ba ta zauna a aji ba, wadda aikinta kwashe ƙazantar wasu, ta wayi gari malamin makaranta yana rage tsawo yana neman shawararta. Yaya ya fi ta jin daɗi. Da gardama ta taso a benci kan wata cuta ko wani magani, sai ya ajiye zarto ya ce, "Ku bari ƙanwata ta taso. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba."

Akwai wani ilimi da shekarun nan suka ba ta wanda ya fi duk sauran zama a kanta, shi ne ilimin zuwan baƙi. A asibitin nan famfon bakin ƙofa ba ya kawo ruwa sai in manya za su zo daga hukumar lafiya. Kwana biyu kafin su zo masu fenti za su bayyana, su shafe bangon da ke kallon titi su bar na baya da dattinsa. Sabulu zai fito daga inda ba a san akwai shi ba. Wata shekara har gadaje shida aka aro daga wani asibiti, da tukwanen furanni, aka jera. Baƙi suka zo suka ɗauki hoto suka tafa, kafin rana ta faɗi motar da ta kawo kayan ta dawo ta kwashe abinta. Ita kanta Gwaggo an taɓa ba ta sabuwar rigar aiki da safe, aka karɓe da yamma aka mayar cikin leda. Sau goma sha ta ga irin wannan. Don haka ƙanshin fenti a wurinta ma'anarsa ɗaya ce: za a yi wa wani wasa da hankali.

Sai ga shekarar annoba. Rediyo ya fara maganar wata cuta mai kama numfashi, wadda ta tashi daga wata ƙasa mai nisa tana bin mutane a jiragen sama. Mutanen unguwa suka ji kamar yadda ake jin labarin yaƙin da ba a ƙasarku ake yi ba. Ran wata Litinin Gwaggo ta iso aiki ta tarar da masu fenti. Ga duro biyu masu kan famfo a bakin ƙofa, ga katan-katan na sabulu, ga hotunan wanke hannu an manna a kowane bango. Tsohon siton da ke bayan asibiti, inda ake jibge karyayyun kujeru, an fitar da komai ana shafa masa fari, ana sauke gadaje takwas daga mota. Ta tsaya da bokitanta biyu ta yi murmushi irin na wanda ya ga tsohon ɗan damfara ya sake riga.

Da yamma ta biyo ta shagon Yaya. Benci a cike, har da tela, abokin Yaya tun na ƙuruciya, wanda shagonsa ke kallon na Yaya kuma ba a taɓa jin sun yarda da juna kan komai ba.

"Yauwa, ga ta ciki," in ji Yaya. "Gwaggo, wai me ake ciki ne? Tela ya ishe mu, wai daga gobe ba zai ƙara ba kowa hannu ba."

"Ni dai abin da rediyo ya ce na faɗa," in ji tela.

Gwaggo ta gyara rataya jakarta. Ta ji idanu a kanta, ta ji daɗinsu.

"Fenti ne, Yaya. Wallahi fenti ne. Baƙi ne za su zo daga sama, an ce a nuna musu an shirya. Gadajen nan in ba a kwashe su cikin sati biyu ba, ku canza mini suna."

Benci ya kwashe da dariya. Yaya ya miƙa wa tela hannu, tela ya yi jim, sannan ya karɓa yana cewa shi dai an fi ƙarfinsa ne.

Magana zarar bunu ce. Kafin sati ya zagayo kalmar ta bar hannun mai ita. Motar hukumar lafiya za ta wuce da lasifika tana cewa a wanke hannu, a rage cunkoso, wanda ya ji zazzaɓi da tari ya zo a gwada shi. Kafin ƙarar ta ɓace wani zai ce, "Gwaggo ta ce fenti ne," a ci gaba da hira. Mata suka kai ta wurin ɗibar ruwa, direbobi suka kai ta tasha. Ita ma hukumar ba ta taimaki kanta ba. A makon farko ta ce takunkumin fuska na marasa lafiya ne kawai, a mako na uku ta ce kowa ya saka ko a kama shi, ba tare da ta tsaya ta ce wa mutane ga abin da ta gano a tsakani ba. Wanda ya saba a yi masa alkawarin magani ya je ya tarar babu, ba ka buƙatar dogon wa'azi kafin ka sa shi shakka.

Sati biyu suka cika, ba a kwashe gadaje ba. Baƙi ba su zo ba, famfo kuma bai ɗauke ba. Gwaggo ta ce wa kanta wataƙila an ɗaga ziyarar ne. Abin da ya fara sanyaya mata jiki Sista ce, babbar nas ɗin asibitin, mace mai riƙon kaya wadda safar hannu ɗaya sai ka yi mata rantsuwa kafin ta buɗe kabad. Ran nan ta kira Gwaggo ta ɗora mata kwali guda cur a hannu, ta tsaya a kanta tana koya mata yadda ake cire safa ba tare da bayanta ya taɓa fata ba. Sau huɗu tana sa ta maimaita. Babu mai ɗaukar hoto a wurin, babu kowa sai su biyu.

Daga nan idonta ya buɗe. Motar sabuwar likitar, wata siririyar yarinya da ba ta daɗe da zuwa ba, ta kwana uku a wuri ɗaya har ganye ya taru a gilashinta. Jajayen ledojin shara da ke fitowa daga ɗakin baya, tsohon siton nan, suka ninka. Ba Gwaggo ke share ɗakin ba, an ce shekarunta sun ja, an ba wasu maza biyu masu ƙarfi a jika. Amma tagar ɗakin da take wanke bokiti tana kallon ƙofar baya, kuma ta nan ta ga an fito da mutum na farko a naɗe, da na biyu bayan kwana biyu.

Ranar ba ta tsaya amsa tambayar kowa a hanya ba. Ta wuce kai tsaye shagon Yaya, da takunkumi a fuskarta, ta tsaya nesa da benci ta yafito shi.

"Yaya, maganar da na yi ran nan, ban faɗi daidai ba. Abin nan gaskiya ne. Na gani da idona. Ka tashi bencin nan, don Allah."

Ya kalle ta daga sama har ƙasa, ya kalli ƙyallen da ke bakinta.

"Sun ja miki kunne ke nan."

"Ba wanda ya ja mini kunne."

"Haba Gwaggo, ni na raine ki fa. Sun ji abin da kika faɗa, sun ce ko ki janye ko ki bar aiki. Ba komai, na gane. Ki riƙe aikinki, mu mun riga mun ji gaskiya."

"Mutum biyu aka fitar a gabana!"

"Yo da can ba a mutuwa a asibitin naku?"

Ta yi rantsuwa, ta yi magiya. Yaya ya dafa kafaɗarta cikin tausayi, irin dafawar da ake yi wa wanda aka tilasta wa yin ƙarya. A hanyar gida ta yi ta juya abin a ranta. Da ta faɗi abin da ya saɓa wa hukuma, ba wanda ya nemi hujja. Yau da ta zo da abin da ta gani da ido, don ya dace da na hukuma, ya zama sayen baki. Ta bi gida-gida wurin matan da suka saba tare ta. Wasu suka ji, wasu suka yi mata irin kallon Yaya.

Tela ne ya fara kwanciya. Aka ce zazzaɓin sauro ne, aka saya masa magani a kanti. Kwana tara ya yi a ɗakinsa ya rasu. Da Gwaggo ta je gaisuwar rasuwa ba ta shiga ba, ta tsaya daga bakin ƙofa. Matar tela, wata mai sanyin hali da ba a taɓa jin ta da kowa ba, ta taso ta amsa gaisuwar, sannan ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin abin da ya ci da safe:

"Na yi na yi da shi mu je asibiti. Ya ce da farko shi ma ya tsorata, amma ke kika ce ba komai, kuma ke kike ciki."

Gwaggo ba ta san da wace ƙafa ta koma gida ba. Da matar ta zage ta da ya fi mata sauƙi.

Washegari ta sami Sista a ɗakin magani tana cika wata takarda. Shekara ashirin da uku ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, amma ranar ta ajiye bokiti da ƙarfi har ruwa ya fantsama.

"Sista, ku kuka koya mini. Ku kuka koya mini cewa sabulu ba ya fitowa sai don baƙi. Ta ina zan san wannan karon da gaske ne?"

Sista ta cire tabarau ta murza idanu. Ta rame, rigarta ta yi mata yawa.

"Kin ga makon farko?" ta ce. "Ni ma na ɓoye rabin katan ɗin nan a sito, don na ɗauka za a zo a ce a mayar. Bambancina da ke, ni ban faɗa wa kowa ba."

Ta mayar da tabarau ta ci gaba da rubutu. Gwaggo ta goge ruwan da ta zubar ta fita.

Kwana biyar bayan haka Auta ta kira ta a waya. Auta ita ce ƙaramar 'yar Yaya, malamar firamare, ita ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta ce Baba bai buɗe shago ba, jikinsa zafi, kuma ya ce abinci ba ya yi masa ɗanɗanon komai. Ta ce ta so ta kira lambar da ake faɗa a rediyo, ya ce in ta kira ba shi ba ita.

Gwaggo ta je ta tsaya a ƙofar ɗakinsa. Yana zaune a bakin gado da singileti, yana ƙoƙarin nuna ƙarfi.

"Mura ce," ya ce. "Ƙurar katako ce ta shekara hamsin take fita."

"Yaya, tashi mu je."

"In je ina? Ɗakin bayan nan naku? An ce wanda ya shiga ba ya fitowa."

"Ana fitowa. Jiya ma mutum uku aka sallama."

"Haka suka ce ki ce."

Kwana na biyu haka, kwana na uku haka. Kowace rana in ta taso aiki sai ta wanke jikinta ta canza kaya ta zo ta tsaya a ƙofar nan, kowace rana maganarsa tana ƙara gajarta, yana yanka ta gida biyu don ya ja numfashi. Ta kawo masa misalin tela, ya ce tela dama yana da hawan jini. Ta yi kuka, ya ce ta daina yi masa fatan tsiya. A rana ta uku ya faɗi abin da ke ƙasan zuciyarsa, yana kallon silin. Ya ce shi ba mutuwa yake tsoro ba. Abin da ba zai iya ba shi ne a rufe shi a ɗaki da mutanen da ba ya ganin fuskarsu, waɗanda ba su san ko shi wane ne ba, in ya yi kira ba wanda ya san muryarsa.

Da safe Gwaggo ta koma wurin Sista ta ce a mayar da ita ɗakin baya.

"Shekarunki hamsin da bakwai," in ji Sista.

"Na san shekaruna."

"In kika shiga, ba komawa gida. Nan za ki riƙa kwana har a gama, bayan nan ma sai an killace ki."

"Na ji. Ɗaya daga cikin mazan nan ya gudu tun shekaranjiya, wa ke goge muku ɗakin?"

Sista ta ɗauko mabuɗin kabad.

Da rana Gwaggo ta je ta faɗa wa Yaya. A lokacin leɓensa ya fara canza launi, Auta na tsaye a tsakar gida tana murza hannu.

"Daga yau ni ke share ɗakin. In ka zo, ina ciki. In ba ka zo ba ma ina ciki, don na riga na sa hannu. Sai ka zaɓa."

Ya ɗago da ƙyar ya harare ta, hararar da yake mata tun tana yarinya in ta hau bishiya.

"Wa ya aike ki? Mahaukaciya." Ya yi tari mai tsawo. "Ni fa ban yarda da su ba."

"Ban ce ka yarda da su ba."

Can ya ce wa Auta ta ɗauko masa takalmansa.

Kwana shida ya yi a ɗakin baya, gado na biyar, da bututun iska a hanci. Gwaggo tana shiga cikin farar rigar leda daga kai har ƙafa, zufa na bin bayanta, gilashin fuskarta na yin hazo. Kowa a ɗakin kamarsu ɗaya, don haka ta sa Sista ta rubuta mata GWAGGO da baƙin alƙalami a ƙirji. Yaya ya ce ɓata tawada aka yi, shi daga jan ƙafarta yake gane ta. In ta zo goge ƙarƙashin gadonsa takan ɓata lokaci fiye da kima, ba wanda ya taɓa ce mata ta yi sauri. A rana ta biyu ya nuna mata 'yar durowar gefen gado da ido, ya ce duk kafintan da ya rataya ƙofar nan Allah ya isa tsakaninsa da katako. Ta yi dariya a cikin takunkumi har ta ƙware.

A rana ta huɗu ya daina zolaya. Idonsa yana bin siririyar likitar nan daga gado zuwa gado, tana duba wannan, tana juya wancan, tana tsugunawa ta yi wa wata tsohuwa magana a kunne. Da Gwaggo ta matso ya kama hannun rigarta.

"Yarinyar nan," ya ce, yana hutawa tsakanin kalmomi, "tun jiya... ban ga ta zauna ba. Ki ce... a ba ta kujera. In na tashi... zan yi mata ɗaya."

Bai tashi ba. Ya cika da safiyar rana ta shida, Gwaggo na riƙe da hannunsa ta cikin safa biyu. Da aka fitar da shi ita ta cire zanen gadon, ita ta wanke ƙarfen da ruwan magani, ita ta goge daɓen. Kafin azahar an kwantar da wani a wurin.

Ta sami likitar a bayan ginin, zaune a kan bulo, ta cire takunkumi, shatinsa ya yi mata rami a kumatu. Gwaggo ta tsaya nesa kaɗan.

"Likita, tambaya zan yi. Kwana huɗu ya yi a gida kafin ya yarda. Da an kawo shi ranar farko, zai tashi?"

Ta san amsar da take so. Ta ji likitoci suna ba da ita sau ɗari a baranda: an yi iya ƙoƙari, lokaci ne ya yi, ba abin da zai canza. Da kunnenta a buɗe ta zo karɓar wannan.

Likitar ta ɗago jajayen idanu.

"Ban sani ba, Gwaggo. Mai yiwuwa ne. Waɗanda suke zuwa da wuri sun fi tashi, wannan na gani. Amma akwai waɗanda suka zo da wuri suka tafi. Cutar nan ba mu gama saninta ba. Ba zan ce miki eh ba, ba kuma zan ce miki a'a ba, don ban sani ba."

Gwaggo ta ji haushinta, haushi mai zafi, na ɗan lokaci. Me zai rage ta da shi in ta yi wa tsohuwa ƙarya ɗaya? Sai kuma haushin ya kwanta, wani abu ya zauna a wurinsa. A duk shekarunta a ginin nan ba ta taɓa jin mai farar riga ya ce bai sani ba. Ta tarar da kanta tana tunanin cewa duk abin da yarinyar nan ta ce mata daga yau, za ta yi shi ba musu.

Da yamma aka ce mata tana da baƙuwa. Auta ce, a wajen shingen waya na bayan asibiti, inda 'yan uwan marasa lafiya ke tsayawa su hango nasu. Idanunta sun kumbura. Gwaggo ta fito da takunkumi ta tsaya daga ciki. Suka yi wa juna gaisuwa. Sannan Auta ta riƙe wayar shingen da hannu biyu.

"Gwaggo, ranar farko waya tana hannuna. Na danna lambar ma. Da ya yi mini tsawa na kashe. Da na kira fa? Ke da kike ciki, gaya mini gaskiya."

Amsa mai laushi tana bakin Gwaggo, a shirye. Kwanansa ne ya ƙare, 'yata. Kowa zai faɗi haka, kuma yarinyar za ta yarda, don daga bakinta ne. Ta haɗiye ta.

"Na tambayi likita. Ta ce ba ta sani ba. Ni ma ban sani ba." Ta ja numfashi. "Amma ga abin da na sani. Ke maganar ubanki kika bi, ba ki yi laifi ba. Shi kuma tawa ya bi. Ni na tsaya a gaban shagonsa na faɗi abin da ban tabbatar ba, don ina jin daɗin a ce na sani. In akwai kaya a kwana huɗun nan, nawa ne. Kada ki ɗaukar mini."

Auta ta fashe da kuka. Ta zura hannu ta ramin shingen har kafaɗa, tana miƙo shi, yatsunta a buɗe.

"Gwaggo, zo. Don Allah zo."

Gwaggo ta kalli hannun. Ita ta yi wa yarinyar nan wankan farko, a bayanta ta yi barci shekara biyu. Da safen nan kuma hannuwanta suna ɗakin baya, kuma likita ta ce kwana goma sha huɗu ba taɓa kowa. Ta ja da baya taki biyu, ta mayar da hannuwanta baya ta damƙe ɗaya da ɗaya, ta tsaya a nan suna kuka tare, har Auta ta gaji ta janye hannunta.